Sojoji Talatin da Shida na Pan Lucjan

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe tara na safe, Allah ya karɓi ran Pan Lucjan Kordas, wato Malam Lucjan, a asibiti a nan Radom, yana da shekara saba'in da huɗu. Ina cikin cire tayar wata motar haya abokina Olek ya kira ni. Ya ce, "Sewek, tsohon ya tafi." Na ce masa to. Na gama tayar, na ɗaure ta, na miƙa wa mai mota makullinsa, sannan na zaga bayan shago na zauna a kan tsofaffin tayoyi har maigidana ya zo nemana. An binne shi ranar Juma'a. 'Yan kulob ɗinmu na wasan yaƙi da 'yan sojojin tebur suka ce ni zan rubuta ta'aziyyarsa a shafinmu, wai ni ne mai baki, kuma ni ya fi ja a jiki. Da sun san abin da na sani, da wani suka ba.

Zan faɗa tun yanzu, don kada in kai ƙarshe tsoro ya kama ni in goge. Bataliyar nan ta 'yan sojojin dalma talatin da shida masu shuɗin riguna, wadda kowa ya san ta ɓace wa Pan Lucjan a cikin bas bara, ba ta taɓa shiga bas ba. Tana wurina. Pani Regina, matarsa ta shekara arba'in da tara, na san kina leƙa shafin nan. Ki daure ki karanta har ƙarshe.

Pan Lucjan, shekara shida ke nan da ka shigo shagon facin da nake aiki, riƙe da bokiti. Ina da shekara sha takwas, na bar makaranta, kuma ina jin haushin duk wanda ya yi mini sallama. Ka tambaya ko muna da tsofaffin 'yan dalmar nan da ake maƙala wa ƙafar mota don ta daidaita. Na ce, "Kamun kifi za a je, kaka?" Ka ce a'a, sojoji kake yi. Na yi dariyar da ta fi ƙarfin maganar. Ka sa hannu a aljihu ka fito da wani mahayi da bai kai ɗan yatsana tsawo ba, da fukafukai a bayansa, da tuta a kan mashinsa, har gashin bakinsa an zana. Ka ajiye shi a kan injin cire taya ka ce, "Wannan tayar bas ce a da." Na cika maka bokitin. Asabar ta gaba na same ku a ɗakin ƙasa na gidan taron unguwa, wai na zo in ga mahaukata.

Shekara talatin da biyar ka yi kana aikin zubi a masana'antar narkar da ƙarfe. A ƙuruciyarka babu shagon da ke sayar da irin waɗannan sojoji, sai ka riƙa sassaƙa su da hannunka, ka haɗa mazubi, ka narka dalma a tsohon ludayi, ka zuba. Fiye da dubu biyu ka yi a rayuwarka. Kana manna su huɗu-huɗu a kan 'yan allunan katako, allo tara bataliya guda. Shirya su kawai a kan babban teburin yana cin awa biyu, kuma duk wanda ya ɗaga allo ta kan soja maimakon ta gefen katako, sai ya ji muryarka tun daga wurin tukunyar shayi.

Kai ka sa na fara karatu. A makaranta ban taɓa gama littafi ba. Ka miƙo mini wani mai kauri na tarihin yaƙe-yaƙen da, ba ka ce in kula da shi ba, ba ka ce yaushe zan dawo da shi ba. Na kawo shi bayan wata biyu, duk shafukan da tambarin baƙin mai na babban yatsana. Na shirya faɗa. Ka buɗe, ka bi tabon shafi-shafi, ka ce, "Har ƙarshe ka kai, ga shaida." Kuma ba ka taɓa tambayata ko na gane ba. Tambayarka kullum ita ce, "To, a ganinka wa ya yi wauta?" Sai in yi ta zuba kamar ni na halarci yaƙin, kana kurɓar shayi da lemun tsami kana gyaɗa kai. Ba wanda ya taɓa neman jin ra'ayina a kan komai kafin kai. Littattafai sittin da wani abu na karanta daga kantarka. Duk iya maganata, duk gardamar da na zo na yi maka daga baya, da kayanka na yi ta.

A wasanka akwai wata doka da kowa ya tsana. Ba a yarda kwamanda ya yi wa na kusa da shi magana ba. Umarni sai a rubuce a 'yar takarda, a ɗora wa ɗan mahayi guda, ya yi tafiya a kan teburi da awon tef kamar kowa. Kafin ya isa, an yi zagaye biyu, abin da ka gani ya canza. Ranar da ka fara ba ni ɓangaren hagu, na ga dawakan abokan gaba suna zagayowa, na rubuta wa Olek ya juyo da igwa, ga shi nan tsaye kafaɗarsa na gogar tawa, yana kallon sama yana fito. Takardar ta isa bayan an share ni. Na jefar da 'yan lido na ce wannan ba wasa ba ne, azaba ce. Ka tsince su ɗaya bayan ɗaya ka ce, "Yanzu ka san dalilin da ya sa waɗancan na littafi suka yi wauta."

Sai ƙaramin wasa ya shigo mana. Samari suka zo da shi: mutum goma ko sha biyu kowane ɓangare, kowane soja a kan nasa ɗan faifai zagayayye, da sunansa, da tabonsa, da tarihin wanda ya taɓa kashewa. Teburin bai fi rabin ƙofa ba, cikin awa guda an gama. Na so shi tun ranar farko, kuma ba zan yi ƙarya a kan kabarinka ba, har yau ina son sa. Mutumin da ke tashi aiki ƙarfe biyu na ranar Asabar ba shi da awa tara na tsayuwa. Wanda ya zo sabo yana iya fentin mutum goma a wata guda ya shiga wasa, ba sai ya shekara uku yana fentin maɓallan riga ba kafin a ce ya isa. Wannan gaskiya ce, na faɗa maka ita. Yadda na faɗa ne ba shi da kyau.

Na ce maka, "Pan Lucjan, naka fa ba wasa ba ne, gidan tarihi ne. Saura mu riƙa yankar tikiti a ƙofa."

Ka ce, "To Janar na mutum goma. Yau an ci gari ko kaza aka kama?"

"Nawa kowa da sunansa. Idan ya faɗi ina jin zafi. Naka fa? Ka kwashe allo uku ka zuba a kwali kamar ƙwai."

"Naka kowa sarki ne, shi ya sa. Ka taɓa ganin yaƙin da kowa sarki ne? Faɗan mashaya ke nan."

"Faɗan mashaya aƙalla yana ƙarewa kafin gemu ya fito."

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, ka turo mini farantin kokwamba mai tsami. Kai a wurinka hira ce. Ni a wurina yaƙi ne, kuma na ci: na tara samari muka ɗaga hannu, aka mayar da Asabar uku ta ƙananan tebura, aka bar maka guda a wata. Ka ɗaga hannu tare da mu. Ka ce kulob ɗin da babu samari maƙabarta ce. Daga baya ma ka ba ni makullin kabad ɗin da kake ajiye kwalayenka, don in riƙa ɗaukar bishiyoyi da gidajen da ka ƙera ina ƙawata ƙaramin teburina.

Da wannan makullin na yi abin da na yi. A watan Afrilun bara aka shirya gasar ƙaramin wasa a garin Kielce. Ina buƙatar 'yan bindiga sha biyu na zamanin da, waɗanda na yi oda ba su iso ba, saura kwana goma. Na buɗe kabad don ɗaukar wata gada, sai ga kwalin masu shuɗin riguna. Na ce aro zan yi. Da na kai su gida na jera a tebur, sai na tuna abin da na riga na sani: soja huɗu a manne a allo guda ba su da amfani a wasanmu. Kowa sai ya tsaya shi kaɗai. Na ɗauko reza. Allo uku na fasa. Gam ɗin ya tsufa, da ƙyar ya saki, ƙafar guda ta karye na gyara. Sannan na dube su na ga fentin tsohon yayi ne, mai sheƙi, ba inuwa ba haske, na ce za a yi mini dariya a Kielce. Na tsoma su a ruwan cire fenti kwana biyu. A ƙarƙashin allon farko ka rubuta shekarar da ka yi su da fensir, 1986. Ban zo duniya ba a lokacin. Fentin ya saɓule a ƙarƙashin tsohon buroshin haƙorina cikin minti ashirin.

Na sake musu fenti, na ba su jajayen riguna da sunaye. A Kielce aka fitar da ni tun zagaye na biyu, amma aka ba ni kofin wanda ya fi iya fenti. Kun gan shi a shafin nan, kun taya ni murna. Kai ma ka rubuta, "Hannun yaron nan zinariya ne."

Sauran ashirin da huɗun ban mayar ba, don kwali mai giɓi zai yi magana. Asabar ɗinka ta zo, ka shirya teburi, sai ga rami a tsakiyar layinka. Ka fitar da komai na kabad. Ka tsaya kana shafa kai. Ka ce, "Ko na kai su gida ne don gyaran tuta?" Ka kira Pani Regina ta duba, babu. Ka ce, "To a bas na bar su. Na tuna na ajiye wani abu a kujera." Olek ya ce, "Sun gaji da jiran ɗan saƙo ne, Pan Lucjan, sun gudu gida." Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, kuma tawa ta fi ta kowa ƙara. Ina tsaye taku uku daga gare ka, makullinka yana aljihuna.

Sau biyu ka je ofishin da ake ajiye kayan da aka tsinta. Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda za ka juya laifin a kan kanka. Ka fara cewa, "Kaina ya fara yoyo." Ka sayi ɗan littafi kana rubuta duk abin da ka ɗauka da inda ka ajiye. Ka je likita aka yi maka gwajin mantuwa, aka ce lafiyarka ƙalau, ka ce likitan yaro ne. Ka daina alƙalancin wasa, kai da ka haddace dokoki shafi tamanin, wai kada ka manta wata ka zalunci wani. Ina ganin duk wannan, Asabar bayan Asabar. Kullum in ce mako mai zuwa zan faɗa. Mutumin da bakinsa bai taɓa jiran kowa ba, wata goma sha ɗaya ya kasa haɗa kalma biyar.

Akwai rana guda a watan Yuni da ba na iya kwana da ita. Ina wasa da jajayen a ƙaramin teburi, don rashin kunyata ta kai in kawo su kulob. Ka zo ka tsaya a bayana. Ka sa yatsa biyu ka ɗaga shugabansu ta gefen faifai, ka ɗora shi a tafin hannunka, ka ɗan jijjiga hannun kamar mai awo.

Ka ce, "Wannan ba roba ba ne."

Na ce, "Tsofaffi ne. A intanet na saya."

Ka cire tabarau ka kawo shi kusa da fuska. Ka daɗe. Sannan ka ce, "Idanun sun yi kyau. Ni ban taɓa iya ido ba." Ka mayar da shi daidai inda yake, ka ce, "Ka kula da shi. Shi kaɗai yake tsaye, babu mai tare masa gefe." Ka koma wurin shayinka.

Ka gane shi? Mutum zai sassaƙa fuska da hannunsa, ya zuba ta sau talatin da shida, ya kasa gane ta don an canza mata riga? In ka gane, me ya sa ka ci gaba da cewa kanka ne ke yoyo? In ba ka gane ba, to ni ne na sa ka daina yarda da idonka da hannunka har ka kasa gane naka. Na juya tambayar nan ta kowane gefe, babu gefen da na fita da mutunci.

Bayan jana'iza da cin abincin makoki, Pani Regina ta riƙe mini hannun riga ta ce in raka ta gida. Ta kai ni baranda. Ga ɗan murhun gas, ga ludayin, ga tsohon mazubi ɗaure da waya. A kan wani faranti sojoji talatin da shida sababbi suna tsaye a jere, an manna su huɗu-huɗu. Sha huɗu sun sami shuɗin riga, fentin ya ɗan zarce layi inda hannu ya yi rawa. Sauran farar dalma ce tsirara.

Ta ce, "Tun Oktoba yake fama. Likita ya ce kada ya ƙara kusantar hayaƙin nan, shi ya sa ya fito waje, cikin wannan sanyi, da bargo a kafaɗa. In na yi magana ya ce, Renia, layi da rami ba layi ba ne."

Na ce, "Ya taɓa cewa wani abu a kan waɗanda suka ɓace?"

Ta ce, "Cewa yake duk inda suke, Allah ya sa wasa ake yi da su, ba narkar da su aka yi ba." Ta gyara wani allo da ya karkace. "Mijina Lucek ya ce in bai gama ba a ba wa Sewek. Ya ce duk garin nan ba mai hannunka. Za ka ƙarasa masa, ɗana?"

Na ce, "To, Pani Regina." Abin da na ce ke nan. Ta naɗe mini farantin a tawul, ta haɗa mini da pierogi, 'yan ƙullin fulawar nan masu cushe, a roba don kada in kwana da yunwa, na karɓa da hannu biyu na sauko bene.

An ce huhunka ya lalace ne tun daga masana'anta da sigarin shekara arba'in, ba daga baranda ba. Na ji. Ina maimaita wa kaina. Amma na san wanda ya fitar da kai barandar.

A wurin makoki na ji mutanen da suka shekara biyu ba su taka Asabar ɗinka ba suna cewa babban wasa shi ne wasa na gaskiya, irinka ba za a sake yi ba. Na so in kifar da tebur. Ina kuke ran da ya shirya sojoji dubu ya zauna jiran mutum shida, uku suka zo? Sai na tuna ni ma ranar ina can kusurwa da mutum goma na, na juya masa baya. Ba wasan ne ya yi laifi ba, ƙarami ko babba. Na dai fi son wanda ba na buƙatar kowa a cikinsa, in zo da kwalina a aljihu, in ci, in tafi. Naka ba ya yiwuwa sai mutane sun yi alkawari sun cika. Ban taɓa faɗa maka na lura da wannan ba.

Pani Regina, ranar Asabar da ƙarfe goma na safe zan zo ƙofarki da kwali biyu. Ɗaya na ashirin da huɗun ne, ba abin da ya taɓa su. Ɗayan na sha biyun ne. Na yi kwana shida ina haɗa shuɗi don in mayar da su yadda suke, bai fito ba, nasa wani fenti ne da aka daina yi, ba zan yi miki ƙaryar cewa sun koma ba. Farantin da kika ba ni ma zan kawo, ban sa masa buroshi ba. Kin ba wa wanda kika zata ne, yanzu kin san wanda ya karɓa. In kin ce in ƙarasa, zan ƙarasa. In kin ce Olek ya yi, zan riƙe masa fitila. In ba ki buɗe ƙofa ba, zan ajiye su a bakin ƙofa in tafi, kuma ba zan ce kin yi mini ba daidai ba. 'Yan kulob, makullin kabad yana hannun mai gadin gidan taro tun jiya. In za ku ɗaga hannu a kaina, ku ɗaga, ba zan yi gardama ba, karo na farko.

Pan Lucjan, na makara da neman gafararka, saƙon ya isa bayan an tashi. Ina roƙon ta duk da haka. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya saka maka da alherin da ka yi wa yaron da ya kira ka kaka don raini. Allah ya ba ka hutu marar yankewa, ya sa haskensa ya zauna a kanka. Ga Pani Regina, da 'yarsa Marzena da mijinta da jikokinsa biyu, da ƙanwarsa da ke Lublin, da duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen babban teburin nan, ina miƙa ta'aziyyata, in za a karɓa daga hannuna. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa. Amin.

Seweryn Pajda
Radom